Kuɗin makaranta da sauƙi, zaman karatun da wuya: tallafin ɗaliban kwalejojin al'umma a Amurka

A shekarar karatu ta 2024/2025, matsakaicin kuɗin makaranta a kwalejojin al'umma na Amurka kimanin dala 4,000 ne a shekara ga ɗalibin da ke zaune a yankin kwalejin. A wannan shekarar kuma, tallafin Pell, wanda gwamnatin tarayya ke bai wa ɗalibai marasa ƙarfi kyauta ba bashi ba, yana iya kaiwa dala 7,395. Duk wanda ya jera alƙaluman nan biyu zai ce ai magana ta ƙare, ɗan talaka zai biya makaranta har a ba shi canji. Amma idan aka bi sawun waɗanda suka shiga waɗannan kwalejoji, bayan shekara 6 waɗanda suka fita da wata takardar shaida a hannu ba su kai rabi ba. Kuma cikin dalilan da waɗanda suka bari suke fara ambata akwai kuɗi. To, a ina kuɗin yake maƙalewa?

Sai mu fara da sanin su wa ke karatu a wurin. Kwalejin al'umma makarantar gwamnati ce ta shekara 2 bayan sakandare, kuma galibinsu ba sa tankaɗe da rairaya wajen ɗaukar ɗalibai: in kana da shaidar gama sakandare ko makamanciyarta, ƙofa a buɗe take. Ana koyon aikin jinya, walda, haɗa wutar lantarki, gyaran mota, ilimin kwamfuta, ko kuma a yi rabin farko na digiri da araha sannan a koma jami'a a ƙarasa. Wadda aka fi ambata a matsayin ta fari ita ce ta Joliet a jihar Illinois, da aka kafa a 1901. Rahoton wani kwamiti da shugaba Truman ya kafa, wanda ya fito a 1947, ya ba su ƙarfin gwiwa, sannan a shekarun 1960 suka bazu kusan ko'ina. Yau sun kai wajen 1,000.

Ɗalibansu ba irin waɗanda mutum ke kawowa a ransa ba ne idan aka ce ɗan jami'a. Kusan kashi biyu cikin uku ba cikakken lokaci suke karatu ba. Mafi yawansu suna aiki. Da yawa sun haura shekara 25, da yawa suna da 'ya'ya. Akwai direban tasi da ke shiga aji da dare, akwai matar da ke kula da tsofaffi a gidajensu tana neman zama ma'aikaciyar jinya, akwai baƙin da suka iso ƙasar da girmansu suna koyon Turanci. A unguwar Bronx ta birnin Niyok, inda 'yan Gana da Nijar da sauran mutanen Afirka ta Yamma suke da yawa, ko a Greensboro ta jihar North Carolina da 'yan Nijar suka daɗe da zama, irin waɗannan kwalejoji su ne matakin farko ga 'ya'yan gidaje masu yawa.

Shi kuwa tsarin tallafin kamar riga ce da tela ya auna jikin wani ya ɗinka, aka miƙa wa wani daban. An auna shi ne da yaro ɗan shekara 18 da ya fito daga sakandare kai tsaye, ba shi da iyali, karatu kaɗai ya sa a gaba. Tushen tsarin shi ne dokar ilimi mai zurfi ta 1965 da shugaba Lyndon Johnson ya sa wa hannu. A 1972 aka ƙirƙiro tallafin da daga baya, a 1980, aka raɗa masa sunan Sanata Claiborne Pell na jihar Rhode Island. A tsakiyar shekarun 1970 mafi girman tallafin yana ɗauke kusan kashi uku cikin huɗu na duk abin da ɗalibi zai kashe a jami'ar gwamnati. Yanzu ko kashi ɗaya cikin uku bai cika ba.

Kafin ma a zo ga yawan kuɗin, akwai ƙofar shiga, wato fom ɗin da ake kira FAFSA. Ba a samun Pell, ko bashin gwamnati, ko mafi yawan tallafin jihohi, sai an cike shi, kuma duk shekara sai an sabunta. Shekaru da dama yana ɗauke da tambayoyi sama da 100 kan haraji, albashi da ajiyar banki. Wanda bai kai shekara 24 ba, bai yi aure ba, ba ya ciyar da ɗa, bai yi aikin soja ba, dole ya kawo bayanan kuɗin iyayensa, ko da kuwa shi ke ciyar da kansa, ko da shi ne ma yake taimaka wa iyayen. Idan uba ya ce ba zai bayyana abin da yake samu ba, ko uwa tana tsoron duk wata takardar gwamnati saboda matsayin zamanta a ƙasar, yaro ya tsaya cak.

Wani gwaji da masana tattalin arziki suka yi a 2008 ya nuna girman wannan shinge. Sun haɗa kai da kamfanin H&R Block, mai taya mutane cike takardun haraji, a jihohin Ohio da North Carolina. Wasu iyalai an ba su bayani kawai kan tallafin da za su iya samu. Wasu kuma, bayan an gama musu takardun haraji, sai ma'aikacin ya ɗauki 'yan mintoci ya cike musu FAFSA da bayanan da ke gabansa. Bayanin baki kaɗai bai canza komai ba. Amma a gidajen da aka zauna aka cike musu fom ɗin, yawan yaran da suka shiga kwaleji ya ƙaru da kimanin maki 8 cikin 100. Ba a ƙara wa kowa ko sisi ba, hanyar kawai aka share.

A ƙarshen 2020 majalisar dokoki ta amince a sauƙaƙa fom ɗin, aka rage tambayoyin sosai, aka sa bayanan haraji su riƙa shigowa kai tsaye daga hukumar haraji. Niyyar mai kyau ce, amma ƙaddamarwar ta zo da tangarɗa. Fom ɗin da aka saba buɗewa ranar 1 ga Oktoba bai fito ba sai ƙarshen Disamban 2023, kwalejoji ba su fara samun bayanan ɗalibai ba sai Maris 2024. Waɗanda abin ya fi yi wa ciwo su ne yaran da aka haifa a Amurka, 'yan ƙasa cikakku, amma iyayensu ba su da lambar shaida ta gwamnati mai suna Social Security. Makonni suka yi ta bugawa shafin yana ƙin karɓa. Yaron da zai tafi babbar jami'a yana da malamin da zai bi masa kadi. Wanda zai shiga kwalejin unguwa sau da yawa sai ya haƙura ya ce sai baɗi, baɗin kuma ba kullum take zuwa ba.

Mu ce an wuce wannan matakin. A ɗauki misalin wata mata mai shekara 27 da ɗa guda, tana aiki a kanti, an ba ta cikakken Pell. Idan ta ɗauki darussa masu nauyin kiredit 12, wato kimanin awa 12 na aji a mako, wanda shi ne ake ɗauka cikakken lokaci, za a ba ta kusan dala 3,700 a zango. Kwaleji za ta cire nata, wajen dala 2,000, ta turo mata sauran 1,700 a asusunta. Wannan ne zai yi mata wata 4, wato dala 400 da 'yan kai a wata. A ciki za ta sayi littattafai, ta zuba wa mota mai, ta biya mai rainon yaro, ta cike giɓin awoyin aikin da ta rage don zuwa aji. A mafi yawan biranen Amurka wannan ko hayar ɗaki ɗaya ba zai biya ba. Ƙiyasin da hukumar College Board ke fitarwa ya nuna jimillar abin da ɗalibin kwalejin al'umma ke buƙata a shekara, da haya da abinci da sufuri, ya kai kimanin dala 20,000. Kuɗin makarantar kashi ɗaya ne kawai cikin biyar.

Sai ta ce bari ta rage karatun ta ƙara aiki, ta ɗauki kiredit 6. Nan take Pell ya koma rabi, canjin da ke shigo mata ya ragu zuwa wajen dala 850, karatun shekara 2 kuma ya zama na shekara 4 ko fiye. Duk zangon da aka ƙara, wata dama ce ga rayuwa ta shigo da nata: ciwo, canjin lokacin aiki, mota ta lalace, mai gida ya ƙara haya. Gaba kura, baya sayaki. In ta yi cikakken lokaci aljihu ya gaza, in ta rage lokaci ya ja.

Akwai kuma dokoki biyu da ɗalibai da yawa ba sa sanin da su sai sun faɗa ciki, kuma a ganina su ne suka fi cin mutane a ɓoye. Ta farko ta shafi wanda ya janye a tsakiyar zango. Gwamnati tana lissafin cewa ɗalibi yana cancantar tallafinsa ne kwana bayan kwana, sai ya wuce kashi 60 cikin 100 na zangon sannan duka ya zama nasa. Idan matar nan ɗanta ya kwanta asibiti ta daina zuwa a mako na 6 cikin 15, kashi 40 kaɗai ta ci. Kwaleji za ta mayar wa gwamnati nata kason na ragowar, sannan ta juyo ta rubuta wa ɗalibar takardar bashi. Bashin ba lallai ya yi yawa ba, wataƙila 'yan ɗaruruwan daloli, amma muddin ba ta biya ba ba za ta sake rajista ba. Wadda ta shiga da kyauta ta fita da bashi, ba ta kuma riƙe da takardar komai.

Ta biyu ita ce sharaɗin ci gaba a karatu. Don tallafi ya ɗore, yawanci sai matsakaicin makin ɗalibi ya tsaya a 2.0 cikin 4.0, ya ci kusan kashi biyu cikin uku na darussan da ya yi rajista, kuma kada ya wuce ninki ɗaya da rabi na tsawon da aka ɗiba wa kwas ɗin. Darasin da aka janye daga gare shi ana ƙirga shi cikin waɗanda aka gwada ba a ci ba. Saboda haka zango ɗaya mara kyau yana iya jefa mutum cikin gargaɗi, na biyu ya yanke masa tallafi. Ana iya ɗaukaka ƙara, amma sai an san da hakan, an rubuta bayani, an kawo takardar likita ko wata hujja. Wani abin takaici, tarihin yana bin mutum. Wanda ya yi wasa da karatu yana ɗan shekara 19, ya dawo yana da 35 ya natsu, sau da yawa zai tarar tsohon sakamakon yana jiran sa a ofishin tallafi. Ban ce a zuba kuɗin jama'a ba sharaɗi ba. Amma sharaɗin da ba ya bambance malalaci da wadda ɗanta ya yi jinya yana buƙatar gyara. Ga shi kuma tun 2012 an ƙayyade Pell ga zango 12 na cikakken lokaci a duk tsawon rayuwar mutum.

Daga nan ne za a fahimci muhawarar karatu kyauta. Jihar Tennessee ce ta yi fice a 2014, lokacin da gwamna Bill Haslam, ɗan jam'iyyar Republican, ya sa hannu kan shirin Tennessee Promise, ɗalibai suka fara shiga a 2015. An kafa asusunsa da kuɗin cacar jihar, aka ce duk wanda ya gama sakandare zai yi kwalejin al'umma ba tare da biyan kuɗin makaranta ba, in ya cike FAFSA, ya yi cikakken lokaci, ya yi aikin sa kai na awa 8 kowane zango. A Janairun 2015 shugaba Obama ya je kwalejin Pellissippi State a Knoxville ya ba da shawarar a yi haka a duk ƙasa. Majalisa ba ta karɓa ba. Shugaba Biden, wanda a lokacin matarsa Jill malama ce a irin wannan kwaleji a jihar Virginia, ya sake gwadawa a 2021, aka cire batun daga ƙudurin tun kafin a kai ga ƙuri'a. Sai jihohi suka ci gaba da nasu: Oregon, Michigan, New Mexico, Massachusetts da wasu da dama.

Abin lura shi ne yadda ake lissafin. Shirin Tennessee da mafi yawan irinsa cikon giɓi suke yi. Sai an fara zuba Pell da sauran tallafi a kan kuɗin makaranta, abin da ya rage jiha ta biya. Ɗan talakan da Pell ya riga ya rufe masa kuɗin makaranta, jiha ba ta ƙara masa komai. Ɗan gidan da ke da rufin asiri, wanda bai cancanci Pell ba, shi jiha ke biya wa duka. Kuɗin shirin sai ya fi gangarawa wajen masu matsakaicin hali, alhali wanda ya fi fuskantar barazanar barin karatu yana nan da matsalarsa ta haya da abinci.

Duk da haka ba daidai ba ne a ce shirin banza ne. A shekarar farko yawan masu shiga kwaleji daga sakandare a Tennessee ya tashi, jihar kuma ta shiga sahun gaba a cike FAFSA. Yara da yawa da dama can sun cancanci Pell amma ba su sani ba, jin an ce kyauta ne ya sa suka taso. Saƙo mai sauƙi yana da nasa amfani. Sai dai jawo mutum ya shigo daban, riƙe shi har ya gama daban. Wasu jihohin sun gane haka. Oregon ta sa mafi ƙarancin abin da za a bai wa ɗalibi ko da Pell ya biya masa makaranta. New Mexico a 2022 ta juya lissafin, jiha ta fara biyan kuɗin makaranta, Pell ya zauna a hannun ɗalibi don buƙatun rayuwa. Wannan ya fi tsada ga baitulmali, amma shi ne ya fi kai wa ga mai buƙata.

Kalifoniya ta isa misali kan cewa arahar makaranta ba ta wadatar ba. Kwalejojinta 116 suna karɓar dala 46 kan kowane kiredit tun 2012, marasa ƙarfi kuma ana yafe musu gaba ɗaya. Amma cibiyar bincike ta TICAS ta nuna cewa a yankuna da dama na jihar, abin da ɗan talaka zai nemo daga aljihunsa a kwalejin al'umma ya fi wanda zai nemo a Jami'ar Kalifoniya mai tsada, domin jami'ar tana da tallafin da ke taɓa haya da abinci, kwalejin kuwa ba ta da shi.

Abin da ya fi ba ni ƙwarin gwiwa a duk wannan fage shi ne shirin ASAP na jami'ar birnin Niyok, CUNY, da aka fara a kwalejojinta na al'umma a 2007. Ba wani abin mamaki a cikinsa. Ana cike wa ɗalibi giɓin kuɗin makaranta, a ba shi littattafai, a ba shi katin shiga jirgin ƙasa da bas kyauta. Ana haɗa shi da mai ba da shawara wanda ke riƙe da ɗalibai 60 zuwa 80 maimakon ɗaruruwa, kuma dole su riƙa ganawa a kai a kai. Ana jera masa darussa a lokaci guda don ya iya tsara aikinsa. Shi kuma ya yi alƙawarin cikakken lokaci. Katin sufurin ma an ɗaura shi da zuwa ganin mai ba da shawarar, wanda hakan ya sa matsala ke fitowa fili tun tana ƙarama. Cibiyar bincike ta MDRC ta gwada shirin ta hanyar ƙuri'a, wasu suka shiga wasu suka bi tsarin da aka saba. Bayan shekara 3, kashi 40 cikin 100 na 'yan shirin sun kammala, a ɗaya ɓangaren kashi 22. Da aka kwaikwaye shi a kwalejoji 3 na Ohio, aka samu 35 da 19. Shirin ya fi cin kuɗi a kan kowane ɗalibi, amma da yake masu gamawa sun kusa ninkawa, kuɗin da aka kashe kan kowace takardar shaida a Niyok ya fi sauƙi. Rauninsa shi ne sharaɗin cikakken lokaci, wanda ke barin mafi yawan masu aiki da iyali a waje. Kuma ɗaukar ma'aikatan ba da shawara ba ya jan hankalin masu zaɓe kamar yadda shelar karatu kyauta ke yi, shi ya sa bazuwarsa ke tafiyar hawainiya.

Bashi fa? Ɗaliban kwalejojin al'umma ba su cika ci ba, wasu kwalejojin ma sun fice daga tsarin bashin tarayya gaba ɗaya. Ɗalibin shekarar farko da ke ƙarƙashin iyaye yana iya karɓar har dala 5,500, mai zaman kansa 9,500. Akwai kuɗin ruwa a kai, kashi 6.53 cikin 100 ga bashin da aka karɓa a 2024/2025, abin da ke sa iyalai Musulmi da dama su kauce masa ko da sun matsu. Kuma waɗanda suka fi kasa biya ba masu babban bashi ba ne, masu ƙaramin bashi ne da suka bar karatu ba takarda, albashinsu bai motsa ba.

Ga masu sauraro daga gida, akwai abin da ya kamata a faɗa ƙarara. Pell da bashin tarayya na 'yan ƙasa ne da masu katin zaman dindindin da 'yan gudun hijira da waɗanda aka ba mafaka. Wanda ya zo da bizar karatu daga Kano ko Maraɗi ko Kumasi ba ya ciki, shirye-shiryen kyauta na jihohi ma na mazauna jihar ne. Zai biya kuɗin baƙo, wanda yakan ninka na ɗan gari sau biyu ko uku, zai nuna shaidar kuɗin shekara kafin a ba shi takardar neman biza, aikin da aka yarda ya yi a farko kuma na cikin harabar makaranta ne, awa 20 a mako.

Sabon abu a wannan fage shi ne dokar da shugaba Trump ya sa wa hannu ranar 4 ga Yulin 2025, wadda ta buɗe Pell ga gajerun kwasa-kwasan sana'a na mako 8 zuwa 15 daga Yulin 2026. Kwalejojin al'umma sun daɗe suna neman wannan, domin mai son koyon tuƙin babbar mota ko ɗibar jini a asibiti ba shi da shekara 2 da zai bayar. An gindaya sharaɗin cewa kashi 70 cikin 100 na ɗaliban kwas su riƙa kammalawa, kashi 70 kuma su samu aiki. Sharaɗin yana da muhimmanci, domin gajerun kwasa-kwasai sun bambanta ƙwarai: wasu suna kai mutum ga albashi mai kyau, wasu suna mayar da shi inda ya fito. Duk abin da ɗalibi ya ci a irin wannan kwas ana cire shi ne daga zango 12 ɗin nan nasa na rayuwa, don haka wanda ya ɓatar da rabonsa a kwas biyu ko uku marasa amfani zai tarar ya ragu ranar da ya yanke shawarar komawa ya yi karatun jinya.